Yarona ba ya shiri da gyaɗa, in daina kai shi gidajen abinci na zamani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce, yarona shekararshi bakwai, tun yana ƙarami muka gane gyaɗa ba ta yi mishi, ko kaɗan ya taɓa sai borin jini ya taso mishi, leɓe ya kumbura, akwai ranar da numfashi ya so ya gagare shi har muka kwana asibiti. A gida ina kiyayewa, ko kunun gyaɗa na bar damawa. To da sallah baffanshi ya kwashi yara zuwa wani gidan abinci irin masu rassa a garuruwa ɗin nan, ya saya musu kaza da shinkafa, kafin su iso gida idanun yaron sun rufe don kumburi. Baffan ya rantse ya tambaya an ce mishi babu gyaɗa. Yanzu maigida ya ce kar a ƙara fita da shi ko'ina, shi kuma yaron kuka yake in 'yan'uwanshi za su tafi. Don Allah ya zan yi?

Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni na yarda baffan yaron ya tambaya, kuma na yarda wadda ta ba shi amsa ba ƙarya ta yi da gangan ba. Matsalar ita ce yarinyar da ke tsaye a kanta tana karɓar kuɗi ba ita ke dafa abincin ba, kuma a irin gidajen nan masu rassa sau da yawa garin da ake turbuɗa kaza a ciki da kayan ƙanshin a haɗe suke zuwa cikin leda daga kamfani, shi kanshi mai suyar buɗewa kawai yake ya zuba. In ka ce mata akwai gyaɗa a ciki? abin da zai zo mata a rai shi ne gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da ido ke gani, sai ta ce babu. Alhali duk abin da aka ce miki yana da ɗanɗanon suya ko tsire to ki ɗauka da ƙuli-ƙuli a yajinshi, ƙuli-ƙuli kuwa ai gyaɗa ce tsantsa.

Bayan yaji akwai mai. Man gyaɗa da kamfani ya tace sosai yawanci an raba shi da sinadarin da ke tayar da alaji, wato ciwon da ke taso wa yaronki in ya ci gyaɗa, amma namu na gida da mata ke matsewa, mai ƙanshin nan, yana nan da shi, kuma ke ba ki da hanyar sanin wanne ke cikin kaskonsu sai kin ga galan ɗin da idonki. Sannan wuta ba ta kashe abin. Ko an soya ko an gasa yana nan, cokali ɗaya da aka ɗebo kaza mai yaji da shi aka juya aka ɗebo shinkafa ya isa ya kwantar da yaro kamar naki.

Kar ki ga suna babba da fitilu da ma'aikata cikin yunifom ki saki jiki. A Ingila ma, a 2016, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Natasha ta sayi burodi a wani sanannen shago mai rassa a filin jirgin Heathrow, akwai riɗi a ciki ba a rubuta a jikin takardar ba, ta ci, alajin ya taso mata a cikin jirgi, ta rasu. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka yi doka da sunanta, ta fara aiki a 2021. Can tun 2014 dole mai gidan abinci ya iya gaya maka ko abincinshi na da ɗaya daga abubuwa 14 da aka lissafa, irin su gyaɗa, ƙwai, madara, alkama, riɗi, waken suya da kifi. Mu nan abin da ke cikin leda ko gwangwani mai lambar NAFDAC za ki iya juyawa ki karanta abubuwan da aka haɗa, amma wanda aka zubo miki a faranti babu rubutu a jikinshi, bakinki ne kawai zai yi miki aiki.

Duk da haka ban goyi bayan a kulle yaron a gida ba, ki gaya wa maigida cikin ladabi. Na san tsoro ne ya sa shi faɗin haka kuma yana da gaskiyar jin tsoro, sai dai yaron nan zai je makaranta, zai je suna da biki, wata rana zai yi tafiya ba ke ba baban. Kuma in za a faɗi gaskiya haɗarin da ke cikin unguwa ya fi na gidan kaza yawa: tsire, kilishi, yajin balangu, dakuwa, kwaɗon zogale da datu, miyar taushe, ɗanwake da ake kwarara wa man gyaɗa, masar da aka toya da shi. Wanne gida ne a Sakkwato ba a cin waɗannan? Gidan abinci mai rassa ma yana da wani sauƙi guda, girkinsu kusan iri ɗaya ne kullum kuma kayansu na da takarda a jiki, in aka samu manaja mai kirki zai iya ɗauko ledar ya nuna miki.

Saboda haka ki je da kanki, ba ranar sallah ba, ba bayan magariba da layi ya kai ƙofa ba, ki je da hantsi lokacin da suke da sarari. Ki ce manaja kike son gani. Kar ki ce yaron ba ya son gyaɗa, za su ɗauka tsirfa ce, ki ce in ya ci zai iya mutuwa, haka ɓaro-ɓaro, ba wurin kunya ba ne. Ki ambaci kowanne da sunanshi, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yajin suya, ki tambaya ko kasko ɗaya ake soya komai. Ki rubuta wannan a 'yar takarda da Hausa da Turanci tunda ba duka ma'aikatan ke jin Hausa ba, duk wanda zai fita da yaron a ba shi ita. In amsar ta zama "ina jin dai babu", ku tashi ku tafi. Ayis kirim da ake ɗiba da cokali ɗaya da kek ɗin cikin gilashi kuwa ku haƙura da su kawai. Kuma ko kun saba da wuri ki riƙa sake tambaya, ana canza mai, ana canza ma'aikata.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne numfashin da kika ce ya taɓa gagararshi. Wannan ya wuce borin jini. Piriton na rage ƙaiƙayi da kumburin fata amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya fara toshewa, allurar adirenalin da ake yi a cinya ita ce maganin wannan halin. Ki kai shi sashen yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ki ba likita labarin duka, ki tambaye shi batun allurar adirenalin da ake yawo da ita, wato EpiPen, tana da tsada kuma ba kowane kemis ke ajiye ta ba, ki bar likitan ya tsara muku abin da za ku riƙe da yadda za ku yi. In yaron na da asma ki faɗa, don tana ƙara tsananin abin. Ranar da kika ga murya ta shaƙe, ko tari da huci, ko amai, ko jiki ya saki bayan cin abinci, kar a tsaya ɗura mishi manja ko madara, kar a sa shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, kuma ko ya warware a hanya a ƙarasa, don yakan dawo bayan wasu awanni.

Za ki ji masu cewa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan jiki zai saba, galibi kakanni ne kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Don Allah kar ki gwada a gida. Kusan yaro ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da alajin gyaɗa in ya girma, kuma likita ne ke gwadawa a asibiti da allura a kusa. Shi kuma yaron shekara bakwai ya isa ya iya cewa "ba na cin gyaɗa, tana sa ni ciwo" da bakinshi, ki koya mishi, ki sanar da malaman bokonshi da na islamiyya da maƙwabtan da yake shiga gidajensu.