Filin Tambaya da Amsa: Ɗaukar Gurnanin Jita a Sutudiyon Gida

Wasiƙun wannan mako sun zo daga matasan Zariya masu kaɗa jitar lantarki da amfilifaya mai gein sosai, irin wadda sautinta ke fita da gurnani (gein shi ne yawan ninka sautin jita da amfilifaya ke yi).

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da amfilifaya mai bawul (ƙwayayen gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) da akwati mai lasifika huɗu, da makirufo SM57. A ɗaki sautin cike yake, har ƙirji yake bugawa, amma da na ɗauka a kwamfuta sai ya fito siriri, yana cacaca kamar ana suyar ƙosai. Ina matsalar take? (Ɗalibi daga Samaru)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, kayanka ba su da laifi. SM57 ɗin nan tun 1965 kamfanin Shure ya fito da shi, kuma har gobe shi ake fara ɗorawa a gaban lasifikar jita. Abin da ke faruwa shi ne kai a tsaye kake sauraro, kunnenka na can sama, kana jin lasifika huɗu haɗe da amon bango. Shi kuwa makirufo bakinsa na jikin lasifika ɗaya, daidai inda kaifin yake fita. Abin da kake ji daban, abin da yake ji daban.

Fara da rage gein. Idan yana kan 8, dawo da shi 4 ko 5. Mun san hannu ba ya son haka, domin gein mai yawa yana rufa wa mai kaɗawa asiri, amma yana danne bugun tsinken kaɗa jita, ya kuma ƙara wannan cacacar. Gwajin mai sauƙi ne: ka kaɗa tsirkiya uku tare, idan ba ka iya bambance su a rikodin, gein ya yi yawa. Kada kuma ka kashe mid, wato sautin tsakiya, don neman nauyi. A nan muryar jita take, kuma da zarar ganga da jitar bes sun shigo, jitar da ba ta da mid ɓacewa take yi. Sa maɓallan bes (sauti mai kauri), mid da tirebul (sauti mai kaifi) duk a kan 5, ka gyara daga nan. Idan kana da feda, 'yar na'urar gyara sauti da ake takawa da ƙafa, irin Tube Screamer ta Ibanez, sa ta tsakanin jita da amfilifaya, Drive kusa da sifili, Level a sama, Tone a tsakiya. Tana rage sautin da ke ƙasa da kimanin 720 Hz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi) kafin ya isa amfilifaya, shi ya sa manyan tsirkiyoyi ba sa dagulewa.

Sai wurin makirufo, kuma a nan ne za ka ɓata lokaci. Haska tocila ta cikin ƙyallen gaban akwatin, za ka hango wani ƙoƙo a tsakiyar lasifika. Saita makirufo daidai inda bakin ƙoƙon ya haɗu da takardar lasifika, ya fuskance ta kai tsaye, tazarar santimita 2 zuwa 3 daga ƙyallen. Tsakiyar ƙoƙon kaifi ne zalla, gefen takarda kuma dushe-dushe. Ɗauki daƙiƙa goma, matsar da makirufo santimita ɗaya zuwa gefe, sake ɗaukar abu iri ɗaya, har sau biyar ko shida. Sannan ka zauna ka saurare su a jere. Wanda ya yi, manna salatif a ƙyallen don gobe. Ka gwada lasifikun ɗaya bayan ɗaya, domin ko a akwati guda ba muryarsu ɗaya ba, kuma na sama sun fi tsira daga amon daɓe. Matsowa kusa yana ƙara bes, ja da baya yana rage shi.

A kwamfuta ka ɗauka a bit 24, kada ƙololuwar sauti ta wuce -10 dB. Yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, ka bar wa jitar bes wurinta. Sama da 9,000 Hz ma kana iya saukewa, tunda lasifikar jita irin Celestion Vintage 30 daga wajen 5,000 Hz take fara sauka.

Tambaya: Malam, da na ƙara gein sai wani ƙugi ya taso, huuu, ko ban taɓa jita ba. Da janareta abin ya fi muni. (Mai sutudiyo a Sabon Gari)

Amsa: Wutarmu a Nijeriya 50 Hz take gudu, ita kake ji tare da 'ya'yanta, 100 da 150 Hz. Gein ba ya zaɓe, duk abin da ya shigo sai ya ninka shi. Kafin ka sayi komai, nemo ƙofar da ƙugin ke shigowa.

Murɗe maɓallin ƙarar jita zuwa sifili. Idan ya yi shiru, fikof ne, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, ke kwaso shi daga iska. Juya jikinka a hankali da jitar a rataye, za ka sami kusurwar da ya ragu, a nan za ka tsaya ka kaɗa. Ka nisanci kwamfuta, cajar waya, sitabilaiza da ƙwan fitila mai arha da aƙalla mita biyu. Fikof mai naɗi biyu, wato hambaka, don wannan aka ƙera shi, mai naɗi ɗaya kuwa da wuya ya yi shiru a gein mai yawa. Idan ƙugin sai ka haɗa amfilifaya da sawun kad (na'urar shigar da sauti kwamfuta) yake zuwa, hanyar atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, ce ta zama biyu: jona komai a soket guda.

Abin da ba ma so ko kaɗan shi ne a karya ƙafar atin ta filogi don ƙugi ya tafi. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya, ranar da wani abu ya lalace a ciki, ta hannunka wuta za ta bi. Ɗakunan haya da yawa soket mai ƙafa uku ne a fuska, a ciki babu wayar atin. Kira mai gyaran wuta ya auna, in ta kama ya kafa sandar atin. Idan makirufo ya taɓa tsikarar leɓenka kana riƙe da jita, ka kashe komai nan take.

Ƙaramin janareta ƙarfinsa hawa da sauka yake yi, bawul kuma yana bin sa. Inbata mai fiyo sain, wato wadda wutarta ke fita sumul, ta fi shi tsabta nesa ba kusa ba. Ka duba bayan amfilifayar ma, domin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke ci, namu 230 ne, sai da taransifomar ragewa. Feda mai toshe hayaniya ka bar ta ƙarshe, tana rufe ƙugin ne kawai lokacin da ka tsaya.

Tambaya: Gidan haya nake, maƙwabta sun fara ƙorafi. Zan iya cire lasifika in jona amfilifaya kai tsaye da kwamfuta? (Mai karatu daga Tudun Wada)

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka kuskura. Amfilifaya mai bawul idan aka kaɗa ta babu lasifika, ƙarfin ba shi da mafita, sai ya koma ya ƙone taransifomar fitar da sauti. Wannan ƙarfin kuma idan ya shiga sawun kad, shi ma ya tafi. Abin da kake buƙata akwatin lodi ne, irin Torpedo Captor na Two Notes, wanda ke tsayawa a madadin lasifika ya ba ka sauti mara ƙara. Om ɗinsa, wato ma'aunin tirjiyarsa ga wuta, ya zo daidai da na amfilifaya, 8 da 8 ko 16 da 16, wat ɗinsa kuma ya iya ɗaukarta, sannan ka haɗa su da wayar lasifika, ba ta jita ba. Sautin da zai fito ɗanye ne mai kaushi, sai ka ɗora masa IR, wato hoton muryar akwatin lasifika da aka adana a fayil. Idan kuma kana tunanin toshe ƙarar da katifa da bargo, kaifi kawai suke sha, bes ta bango yake ratsawa. In ma za ka lulluɓe, akwatin lasifika kaɗai, ita amfilifayar tana bukatar iska.

Tambaya: Na kwafi layin jita, na kai ɗaya hagu ɗaya dama, amma bai yi faɗi ba. (Wata mawaƙiya daga Wusasa)

Amsa: 'Yar'uwa, kwafi ba ya faɗi, a tsakiya zai tsaya ya ƙara ƙara kawai. Ki kaɗa sau biyu da mitironom, na'urar da ke riƙe miki bugun lokaci, ki kai na farko hagu gaba ɗaya, na biyu dama. 'Yan bambance-bambancen hannu su ne faɗin. Ki sa sababbin tsirkiyoyi, ki duba saitin tsirkiyoyin kafin kowace ɗauka, ki ƙara rage gein kaɗan tunda biyu za su haɗu.

Tambaya: Tun shigowar hunturu maɓallan amfilifayata ke ƙaraf-ƙaraf idan na murɗa. (Mai karatu daga Hanwa)

Amsa: Ƙurar hunturu ce ta shiga. Cire filogi, ka murɗa kowane maɓalli ƙarshe zuwa ƙarshe sau ashirin. Idan bai daina ba, ana fesa maganin wanke mahaɗar lantarki ta bayan maɓallin, amma wannan aikin mai gyara ne, domin kafasitocin ciki suna riƙe bolt 400 ko fiye ko bayan an kashe wuta. Idan ka gama aiki ka bari bawul ya huce, sannan ka rufe ta da zane.