Auren da aka ɗaura da bindiga a zaure

Tambaya: Malam, mu Hausawan Wad Madani ne a Sudan. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnatin Sudan, sun shiga garinmu a Disamban 2023, a ƙarƙashinsu na fara ganin al'ada. Ɗayansu ya nemi aurena, Baba ya ba shi. Da sojoji suka ƙwato garin a Janairun 2025 ya gudu, har yau babu labarinsa. Yanzu ɗan kawuna yana nemana. Dole sai na samu saki?

Amsa: 'Yata, Allah Ya share miki hawaye. Ba ki da zunubi ko ƙwayar zarra a abin da ya faru.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba, kuma a kansa hukuncin ya rataya: yaya mahaifinki ya "ba shi"? Ki zauna da shi ki tambaya a hankali, don shi ma yana ɗauke da ciwo. In mutumin ya tsaya a zaure da bindiga, an san ƙin yarda mutuwa ce ko a tafi da ke da ƙarfi, to wannan tilas ne, babu aure a wurin Malikiyya da jumhur, wato mafi yawan malamai. In kuwa Baba ne ya zaɓa da kansa ba tare da barazana ba, aure ya ƙullu, sai alƙali ya raba saboda ɓacewar miji da rashin ciyarwa.

Za ki ji masu cewa auren tilas yana ƙulluwa. Ra'ayin Hanafiyya ne, sun kafa hujja da hadisin abubuwa ukun da wasansu gaske ne: aure, saki da kome. Ban gamsu da wannan ƙiyasi ba. Mai wasa shi ya ga damar furta kalmar, wanda aka ɗora wa bindiga kuwa an ƙwace ta ne daga bakinsa. Allah Ya yafe wa Ammar ɗan Yasir kalmar kafirci da aka tilasta shi a kanta (Nahl: 106), ina ga "na ba ka"? Imam Malik ya sha bulala a Madina saboda ya ƙi janye fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa.

Duk da haka ku je gaban alƙali a rubuta, kada wani ya taso gobe ya ce matarsa ce. Ki tabbatar kin yi istibra'i, wato jiran tsarki uku don tabbatar da babu ciki, tun rabuwarku. Ki je asibiti a duba jininki, wannan ba abin kunya ba ne. Kada a ɓoye wa ɗan kawun naki abin da ya faru, kada kuma a gaggauta ki don toshe bakin mutane. In zuciyarki ba ta shirya ba, ki ce a dakata.

Allah ne mafi sani.