Kwalin ba shi ka kama waifai ba

Kai yaro, tambayar da ka aiko min jiya da dare na gani, wai ɗan jami'ar Danfodiyo ya kawo laftof mai Ubuntu katin waifai nata ya mutu, wace adafta ta USB za ka sawo mishi, kuma mai shago ya ce maka TP-Link ita ce mai kyau. To ji nan, sunan kamfani da ke bisa kwali bai dame ka ba, abin da Linux, wadda Ubuntu ke bisa kanta, ta sani shi ne cip ɗin da ke ciki, in direbanshi, wato manhajar da ke sarrafa shi, na cikin kanel, zuciyar Linux ɗin, da ka soka ta kama, in babu shi ka kama wahala.

Dubi TL-WN722N ɗin wagga ta TP-Link da yara masu amfani da Kali Linux ke ta nema. Fitowa ta farko Atheros AR9271 ne ciki, direbanshi ath9k_htc na nan cikin kanel tuntuni, amma fitowa ta 2 da ta 3 sai kamfani ya canza ya sa Realtek RTL8188EUS, suna guda, kwali kusan guda, eriya guda, ciki ko daban. Shi ya sa kullum nike ce maka juya bayan kaya ka karanta ƙaramin rubutun Ver, ba hoton gaba ba.

Abin da za ka yi, ɗauki laftof ɗin ka tahi da ita shagon, kar ka biya sai ka soka. Buɗe tamina, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta lsusb, za ka ga lamba kashi biyu da ɗigo biyu tsakani, ta farkon ita ce ta kamfanin cip: 0e8d MediaTek ne, 148f Ralink, 0cf3 Atheros, 0bda Realtek. Wani lokaci lambar mai kwali ce za ta hito, to nan sai ka rubuta dmesg ka ga wane direba ya tashi. Sannan uname -r ka san shekarun kanel ɗin, don Ubuntu 22.04 da 5.15 ta zo, 24.04 ko da 6.8, kuma bambancin ga ba wasa ba ne. In mai shago ya ce ba a gwaji, gai da shi ka wuce gaba, kayan duk daga Farm Centre ta Kano ko Ikeja anka ɗauko su, ba shi kaɗai ad da su ba.

Ni dai in ka bi tawa, MediaTek da Ralink su na hi yarda da su. MT7601U da RT5370 su ne ƙanana masu araha, zangon waifai na 2.4GHz kawai suke kamawa, kuma ga wanda MiFi ko hotsfot na waya ne intanet ɗinshi sun ishe shi. In yana son 5GHz nemo MT7612U, tun kanel 4.19 take aiki. MT7921AU mai WiFi 6 sai 5.18 zuwa sama, kenan kar ka ba mai tsohuwar Ubuntu da ba a sabunta ba.

Realtek ba lalatacce ba ne hwa, rigimarshi dai ta yi yawa. Irin su RTL8812AU shekara da shekaru sai ka sauko da direba daga shafin GitHub ka gina da DKMS, manhajar da ke haɗa direba da kanel, kwastoma ya tahi shina murna, bayan wata biyu afdet ya sauko kanel ya canza, waifai ta ɓace, ya dawo shina cewa jabu munka sayar mishi. Ga Secure Boot ma, tsaron kunna kwamfuta, da ke hana direban da ba a sa ma hannu ba tashi. Sababbin kanel sun fara ɗaukar waɗannan, amma kai ba ka san ranar da zai sabunta ba, kuma sunan shagonmu ne ke ɓaci ba na Realtek ba.

Akwai masu wayo kuma, ka soka su sai su hito kamar faifan CD mai direban Windows ciki, ba su mutu ba, manhajar usb_modeswitch ke juya su su koma adafta. In ko dmesg ya ce babu famwaya, ƙaramar manhajar da cip ke buƙata, haɗa wayarka da kebul ka kunna tedarin na USB don laftof ta samu intanet daga wayar, ka sauko da linux-firmware, magana ta ƙare.

Sai zahi. Ka san Afirilu da Mayu na Sakkwato, sama da 40 ake yi, ƙananan nan masu kamar ƙumba in sunka ɗau zahi sai su dinga yankewa, mutum ya yi ta zagin netwok. Ga wanda kwamfutarshi ke zaune ɗaki ɗaya, ba shi mai eriya da ɗan kebul na ƙari, ya nisanta ta da ramin USB 3, mai shuɗin nan, don shina damun 2.4. Wanda ke yawo da jaka zuwa lakca shi ne za ka ba ƙarama, mai eriya karyewa take yi.

Kahin ma ka kashe mishi kuɗi, rubuta rfkill list ka tabbata ba makunni ba ne anka kashe, sannan kwance bayan laftof ɗin ka duba ko wayoyin eriya biyun nan sun cire daga kati. In ka gama turo min hoton lsusb ɗin.