Bankin Duniya ya ware kuɗin ruwa, me ya sa burtsatsenmu ke kwance?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne ma'ajin kwamitin ruwa na ƙauyenmu a jihar Katsina. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da wata ƙungiyar agaji ta haƙa mana ta lalace tun bara, mata da yara sun koma ɗiban ruwan tafki, ga damina ta gabato muna tsoron amai da gudawa. Mun ji a rediyo cewa Bankin Duniya ya ba da kuɗin ruwa, kuma wani mutum ya zo ya ce kowane gida ya kawo kuɗi zai sa sunanmu cikin jerin masu amfana. Mu ba shi, ko mu jira masu agajin su dawo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Ma'aji. Kada ku ba mutumin nan ko sisin kwabo, domin babu wani jerin sunaye da ake shiga da kuɗi, kuma Bankin Duniya ba ya aiko da wakili ƙauye ya bi gida-gida yana karɓar haraji. Ku tambaye shi takardar shaida a gaban mai unguwa, za ku ga yadda zai sulale.

Kuɗin da kuka ji labarinsa na shirin SURWASH ne, wato shirin samar da ruwan sha da tsaftar muhalli a birane da karkara, dala miliyan 700, wanda bankin ya amince da shi a watan Mayun 2021, aka fara da jihohi bakwai: Katsina, Kaduna, Gombe, Filato, Ekiti, Imo da Delta. Bashi ne mai sauƙin sharaɗi wanda Najeriya za ta biya cikin shekaru masu yawa, kuma an tsara shi ta yadda jiha za ta fara yin aikin, masu bincike masu zaman kansu su je su tabbatar ruwa na zuba, sannan a saki kuɗin. Jihar da takardunta suka kwana a tebur wata da watanni, to kuɗinta ma yana can yana kwana, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen tambayarka, wato jiran masu agaji su dawo. Kusan kullum sai na ji wannan magana, kuma ta kashe rijiyoyi fiye da yadda fari ya kashe. Mutanenmu sun ɗauka wanda ya haƙa rijiya shi ne mai gyaranta har abada, kuma ruwan da aka kawo kyauta haramun ne a karɓi kuɗi a kansa. Masu ba da tallafi kuwa kuɗin gini suke warewa, wato haƙa, tanki, faifan sola da injin sumo mai turo ruwa daga cikin rijiya. Ranar da aka yanka ƙyalle aka ɗauki hoto, aikinsu ya kusa ƙarewa, shirin ma yana da wa'adin rufewa. Wanda ya ga yadda gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, a 2025, ayyuka suka tsaya cik a ƙasashe da dama, ya san cewa mai jiran tuwon wani gida da yunwa yake kwana.

Na taɓa zuwa wani gari na tarar da tanki mai kyau a kan ƙarafa, tsuntsaye sun yi sheƙa a ƙarƙashinsa, ciyawa ta rufe bakin famfunan. Da muka buɗe akwatin lantarkin, waya guda ce ɓera ya ci, kuma ƙura ta lulluɓe faifan sola har ana iya rubutu da yatsa a kai. Wata da watanni mutanen garin suna sayen jarka a hannun 'yan garuwa, abin da suka kashe ya ninka kuɗin gyaran sau da yawa, amma da aka ce a tara naira kaɗan a kan kowace jarka sai aka ce ruwan Allah ba a sayar da shi. Gaskiya ne ruwa na Allah ne, sai dai injin da ke ɗago shi daga ƙarƙashin ƙasa a kasuwa ake sayensa, kuma makaniki ba ya zuwa da fatar baki.

Ku nemo ƙwararren mai gyara ya gwada injin da na'urar lantarkin kafin kowa ya ce muku rijiyar ta ƙafe, domin wasu 'yan kwangila sun fi son a haƙa sabuwa. Ku rubuta takarda zuwa sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukumarku, ku ba hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, wato RUWASSA, kwafi, ku riƙe naku da hatimin karɓa. Kuɗin da gidaje suka yi niyyar ba wancan mutumin ya shiga asusun kwamiti, da sa hannun mutum biyu ko uku, mace a cikinsu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Kafin gyara ya kammala, duk ruwan tafkin da za a sha a tace shi, a tafasa, ko a sa masa sinadarin kulorin bisa ma'aunin da ma'aikacin lafiya ya nuna.