Tambaya da Amsa: Yaushe Baki Ke Sabawa da Sababbin Haƙora?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, shekaruna 54. Mako biyu ke nan da aka yi mini haƙoran roba guda huɗu a sama, irin waɗanda ake cirewa, masu ƙugiyar ƙarfe da ke kama sauran haƙorana. Tun ranar nake fama da yawan yawu, harshena yana sarƙewa a gaban ɗalibai, kuma akwai wani wuri a dasashina da ke yi mini zafi duk lokacin da na tauna abu. Shin in ci gaba da haƙuri ne, ko aikin ne bai yi kyau ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa uku ka kawo, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, domin biyun farko lokaci ne maganinsu, na ukun kuwa haƙuri ba ya warkar da shi. Yawan yawu yana zuwa ne saboda baki yana ɗaukar duk baƙon abin da ya shige shi a matsayin abinci, kuma yakan lafa da kansa da zarar bakin ya saba. Sarƙewar harshe ma tana da dalili: sautuka irin su s, sh, ts da z ana fitar da su ne ta hanyar kusanto da harshe zuwa bayan haƙoran sama da ganɗa, ga shi kuma yanzu faifan roba ya tare wani ɓangare na wurin. Ka riƙa karatu da ƙarfi kai kaɗai na minti 10 zuwa 15 kullum, kana maimaita kalmomin da ke ba ka wahala. Yawancin mutane sukan saba cikin kimanin wata ɗaya, kuma ina kyautata zaton mai sana'ar magana irinka ba zai daɗe ba. Idan ka ciji harshe ko kumatu a wannan tsakani kada ka damu, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle da baƙo.

Zafin da ke wuri guda shi ne abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Alama ce cewa gefen faifan yana danne dasashi a wurin, kuma idan aka bar shi zai zama gyambo. Gyaransa aikin mintuna kaɗan ne a wajen likitan haƙori, wanda zai rage daidai inda ke gugar naman. Komawa sau biyu ko uku bayan karɓar sababbin haƙora yana cikin aikin, ba ya nuna cewa an yi kuskure. Kafin ka je, ka sa haƙoran na 'yan sa'o'i ko da suna damunka, domin jan tabon da za su bari shi ne zai nuna wa likita wurin da zai taɓa. Ina roƙonka kada ka kankare su da reza ko ka lanƙwasa ƙugiyar da kanka, saboda abin da aka rage ba ya komawa, ƙarfen kuma yana iya karyewa. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri zai sassauta maka kafin nan. Duk gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, dole ne likita ya duba shi da kyau, ko da ba ya zafi.

Game da cin abinci, ka fara da mai laushi, ka yanka ƙanana, ka raba tauna gefe biyu lokaci ɗaya don kada faifan ya karkata. Da yatsu ake zaunar da shi a baki, ba a cije shi don ya shiga.

Tambaya: An yi mini gadar haƙori, wato an rage haƙora biyu da ke gefen giɓina aka ɗora musu huluna masu riƙe da na tsakiya. Kwana goma ke nan, ruwan sanyi yana ratsa ni, kuma ina jin gefen ya fi tsawo idan na rufe baki.

Amsa: Hajiya, ratsawar sanyi takan biyo bayan wannan aiki, tunda an rage ɓawon haƙoran nan biyu kafin a rufe su, kuma yawanci tana raguwa cikin 'yan makonni, man goge baki na masu wannan matsala yana taimakawa. Amma idan ta koma zugi mai tashe ki daga barci, ko zafin ya daɗe bayan sanyin ya wuce, jijiyar haƙorin ce ke buƙatar dubawa. Jin cewa gefen ya fi tsawo kuwa ba abin jira ba ne, domin haƙoran da ke riƙe da gadar su ne ke fara karo da haƙoran da ke fuskantarsu, su kaɗai ke ɗaukar nauyin tauna, har ciwon ya iya kaiwa muƙamuƙi. Likita zai sa ki ciji wata takarda mai launi, ya goge inda ya yi tudu.

Akwai abin da ba ki tambaya ba wanda a ganina ya fi duka muhimmanci. Gadar kanta ba ta ruɓewa, amma haƙoran da ke ƙarƙashin hulunan suna ruɓewa daga bakin dasashi, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe gada. Burushi ba ya kaiwa ƙarƙashin haƙorin tsakiya, saboda haka sau ɗaya a rana ki zura zaren sakace ta ƙarƙashinsa, ko ki yi amfani da ɗan siririn burushin nan mai shiga tsakanin haƙora. Ki nemi a nuna miki yadda ake yi a gaban madubi. Gadar da ake kula da ita haka tana iya wuce shekara 10 tana aiki.

Tambaya: Maigidana yana kwana da haƙoransa na roba, kuma bayan shekara ɗaya sun fara yi masa yawa. Me ya kamata ya yi?

Amsa: Malama, ki taimaka masa ya riƙa cire su da dare, domin dasashin da ke rufe dare da rana yakan yi ja ya kumbura saboda ƙwayar cutar da ake kira Kandida, musamman ga masu ciwon sukari. Ya wanke su da burushi mai laushi da sabulu a kan kwano mai ruwa don kada su faɗi su fashe, sannan ya jiƙa su a ruwan sanyi, saboda ruwan zafi yana lanƙwasa roba, sinadarin bilic kuma yana cin ƙarfe. Yawan da suka yi masa daga ƙashin muƙamuƙi ne, wanda ke raguwa bayan cire haƙori, musamman a watanni shida na farko. Likita zai iya cike cikin faifan ya sake zama daidai, kuma gara ya je da wuri, domin faifan da ke rawa yana jijjiga haƙoran da ƙugiyarsa ke kamawa har su fara girgiɗi.