Tambaya da Amsa: Sanata zai iya rage mana kuɗin wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Daura. Rannan na ji wani sanata a rediyo yana ta kumfar baki kan tsadar wuta da man fetur, har aka buga guduma aka ce an amince. To ga ni har yau da janareta nake haɗa ƙofa, rabin cinikin a mai yake tafiya. Maganar sanata tana aiki kuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ina kyautata zaton abin da ka ji ƙudirin jan hankali ne, ba doka ba. Irin wannan ko duka sanatoci 109 sun ce "eh", kira ne kawai ga gwamnati, ta ga dama ta bi, ta ga dama ta ajiye shi a durowa. Doka kuwa sai ta tsallake karatu uku, Majalisar Wakilai ta amince, Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

Kuɗin wuta ba sanata ke yanka shi ba, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ce. Ita ce a watan Afrilun 2024 ta mai da na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane unit. Tallafin mai ma ba a zauren majalisa aka cire shi ba, a jawabin rantsuwar Shugaba Tinubu ne ranar 29 ga Mayun 2023.

Amma kada ka ɗauka hannun sanata wayam yake. Mu ba irin Ingila muke ba, inda Firaminista ke tsayuwa ranar Laraba 'yan majalisa su yi ta jifansa da tambayoyi. Ministocinmu ba sa zama a zaure, sai an kira su. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba majalisa ikon bincike da kiran duk wanda take so ya zo ya yi bayani. A ɗakin kwamiti ake wannan, kuma a nan nake auna sanata. Jawabin zaure, Allah na tuba, kowa ya iya in ya hango kyamara. Sannan ga kasafin kuɗi, inda taransfomar unguwarku za ta iya shiga a matsayin aikin mazaɓa.

Wani abin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu su kuma raba. Ke nan ba Abuja kaɗai za ka zuba wa ido ba, har da majalisar dokokin Katsina. Mu da muke wucewa ta Lambar Rimi muna ganin fankokin nan na iska da aka kafa don samar da wuta megawat 10, mun san tambaya ba ta ƙare a gida ba.

Daura tana mazaɓar Katsina ta Arewa. Ku haɗa kai ku masu walda, ku rubuta koke da sunan ƙungiya, ku sa yawan awannin da kuke samun wuta a rana da litar man da kowa ke ƙonawa, ku kai ofishin sanatanku. Ku riƙe kwafi, a buga muku hatimin karɓa a kai.