Wasan yara ma har sai an yi masa digiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta gashin ƙashi. Burina in zarce digiri na biyu a kan yadda yara ke koyon sarrafa gaɓɓansu, da illar da zaman wuri ɗaya ke yi wa lafiyarsu. Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya, ya ce shi da ya tashi yana langa da tsere a ƙauye babu malamin da ya koya masa, yaushe wasan yara ya zama abin yi wa digiri? Ya fi son in nemi aikin asibiti. Shin akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu a wannan fannin, ko ɓata lokaci zan yi? Daga 'yarki a Shari' Mansur, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa ban ga laifinsa ba. Shi ya tashi inda akwai tsakar gida da dandali da hasken farin wata, ƙafa ce motar zuwa ko'ina. Jikokinsa kuwa a shaƙƙa suke, wato gidan haya na bene, hawa na uku, ƙofa a kulle, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na ruri tun safe don zafin bazara yana haura digiri 40, ga jawwal, wato wayar salula, a hannu. Abin da Baba ya samu kyauta, yanzu sai an shirya wa yaro shi da gangan, kuma ba a shirya abin da ba a auna ba. Aunawar nan ita ce sana'ar da kike tambaya.

Ba sai kin tsallaka teku ba kafin ki ga misali. Farfesa Hazza'a Al-Hazza'a ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar ɗakin binciken motsa jiki a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad. Tun farkon shekarun 1990 yake ɗaura wa yaran firamare na'urar auna bugun zuciya, don ya ga ko a cikin yini guda zuciyar yaro tana samun aikin da ya kamace ta. Daga baya ya koma rataya musu na'urar ƙirga taku, yana kwatanta masu ƙiba da marasa ƙiba. Ya kuma ɗauki awon 'yan makaranta maza na Riyad na shekarar 1988 ya jera da na 2005, sai ga masu ƙiba fiye da kima sun tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan kashi 25. Shekara 17 kacal. A 2009 zuwa 2010 ya jagoranci wani babban bincike a kan rayuwar matasan Larabawa, inda a nan Saudiyya aka tambayi ɗaliban sakandare kusan 3,000 a Riyad da Jidda da Khubar. Fiye da kashi 80 cikin 100 suna wuce awa biyu a gaban talabijin ko kwamfuta kullum, kuma kusan uku cikin kowaɗanne 'yan mata huɗu ba sa samun motsa jikin da ake buƙata.

Ki lura da wannan na 'yan mata. Sai a 2017 aka amince a fara darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na mata a ƙasar nan. Ke nan fagen sabo ne, kuma namiji ba zai shiga makarantar mata ya auna ƙugu da tsalle ba. Mace ake nema, irinki.

Ni dai ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na jarirai, watakila don su nake gani kullum a ɗakin gashi a nan Jidda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin jarirai masu ƙoshin lafiya a Ghana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Zama ba tare da jingina ba yana zuwa ne tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9. Tafiya ba riƙo kuwa daga wata 8 har kusan wata 18. Akwai ma 'yan ƙalilan da ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe suka kama tafiya. Kin san yawan uwayen da wannan lissafin ya share wa hawaye? Uwa za ta shigo mini a firgice, ɗanta wata 13 bai taka ba, ɗan maƙwabciya ya taka a wata 10, uwar miji ta fara zancen baki ko maita. In duba yaro, ƙalau yake. Ba don wasu sun zauna suna rubuta ranar da kowane jariri ya fara tsayuwa ba, da ba ni da abin gaya mata sai "ki yi haƙuri". Kuma da wannan lissafin ne nake gane wanda ya wuce iyaka, in tura shi gwajin jini. Yaranmu masu duhun fata da ba sa ganin rana suna yawan fama da ƙarancin bitamin D, ƙashi ya yi laushi, ƙafa ta zama baka, tafiya ta yi jinkiri, a ƙasar da rana ta yi wa yawa.

Wata farfesa a Jami'ar New York, Karen Adolph, ta ɗauki bidiyon yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa, ta ƙirga. A cikin awa ɗaya yaro kan yi taku sama da 2,000, ya faɗi kusan sau 17. Da faɗuwar yake koyo. Shi ya sa ba na ɗasawa da keken koyon tafiya, wanda muke kira mashshaya: yana raba yaro da ƙasa, ga haɗarin gangarawa daga matakala. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004, mu kuwa har gobe shi ne kayan barka.

Akwai kuma bayanin da wani mai bincike, David Stodden, da abokan aikinsa suka kawo a 2008. Yaron da bai ƙware a gudu da tsalle da jifa da cafe ƙwallo tun yana ƙarami ba, idan ya shiga cikin tsararsa sai ya ga ba ya iyawa, kunya ta sa ya janye, janyewar ta ƙara masa nauyin jiki, nauyin ya ƙara hana shi shiga. A nan za ki samo kan Baba. Ki zauna da shi ya lissafa miki wasanninsu, ki rubuta. Langa horon tsayuwa a ƙafa ɗaya ce, carafke na haɗa ido da hannu, 'yar gala-gala na koyar da dira daidai a inda aka nufa. Abubuwan da masu bincike ke gwadawa da agogo da awo ke nan.

Sai dai kada ki raina shawararsa ta aikin asibiti. A ganina ki yi shekara ɗaya ko biyu hannunki na taɓa yara, ki samu lasisin aiki, sannan ki koma karatu da tambayar da idonki ya gano miki. Kuma ki sani aikin bincike ba shi da armashi a yawancin kwanakinsa: neman izinin kwamitin ɗa'a da na hukumar makaranta, lallashin iyaye su sa hannu, na'urar da yaro ya cire ya jefa a jaka, maƙalar da mujalla za ta dawo miki da ita a ce a gyara. Kuɗinsa ma bai kai na asibiti ba a farko. Ki dage da ilimin ƙididdiga da Turanci tun yanzu, don su ne suke kayar da ɗalibai, ba ilimin jikin ɗan Adam ba. Idan iƙama gare ki, wato takardar zama ta baƙi, ki bincika guraben karatu na cikin gida da jami'o'in gwamnati ke ware wa mazauna ƙasa, ki san sharuɗɗansu kafin ki gama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kullum, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma minti 180 na zirga-zirga iri-iri. Yadda uwa mai 'ya'ya biyar a ɗaki biyu za ta samar da wannan a watan Yuli, tambaya ce da ta isa kundin digiri na biyu. Ke kina jin Hausa da Larabci, kuma za a buɗe miki ƙofar gidajen da baƙo ba zai shiga ba. Wajen zaɓar mai duba aikinki, ki nemi maƙalu uku da ya buga a 'yan shekarun nan ki karanta, ki kuma tambayi ɗaliban da suka gama a hannunsa ko yana amsa saƙo.